Sai an gwada akan san na ƙwarai

Jawabin da anka gabatar a zaman matasa na Tajaye



Ina gaida iyayenmu da ke zaune nan gaba, da malamai, da ƴan uwana matasa maza da mata. Na ga waɗanda sunka taso daga Konni, na ga na Malbaza da na Illela, ga kuma masu masaukinmu mutanen Tajaye. Sannunku da hanya, sannunku da rana.

An ba ni magana kan ilimin siyasa. Fagen yana da faɗi, don haka tambaya guda zan riƙe: in anka yi wani aiki a gari, bayan nan wani abu ya canza, ta ƙaƙa za mu san aikin nan ne ya kawo canjin?

Tambayar kamar mai sauƙi, amma yawancin gardamar da muke yi a fada bakin shayi kanta take komawa. Ɗan siyasa ya ce tun da ya hau yara sun ƙaru a makaranta. Masu furoje su ce tun da sunka shigo gari tamowa ta ragu. Ƙungiyoyin farar hula irin namu su rubuta a rahoto cewa sun wayar da kan mutum 500, ga shi kuma an ga sauyi. Kowa "tun da na zo" yake cewa. To ai zakara ma kullum sai ya yi cara gari ke wayewa, kuma ba wanda ya taɓa cewa shi ke fiddo rana. Wataƙila damina ce ta yi kyau shekarar nan. Wataƙila ƴan ci-rani ne sunka aiko kuɗi daga Abijan ko Libiya. Faɗuwa kan zo daidai da zama.

Abin da muke son sani a gaskiya shi ne, da ba a yi aikin ba, da me ya faru? Shi kuwa wannan ba ya ganuwa da ido, don gari guda ba ya yin shekara guda sau biyu, sau ɗaya da furoje, sau ɗaya babu.

Manoman albasa na Galmi sun daɗe da samo ma abin ga dabara. In anka kawo ma mutum sabon taki, ba ya zuba shi ga garka duka. Sai ya sa ma wasu fangalai, ya bar wasu. Iri guda, ruwa guda, rana guda. Ranar cira ya auna. In akwai bambanci ya san takin ne, don shi kaɗai ya raba fangalan.

Da mutane abin ya fi wuya. Ku duba inda furoje ya saba sauka: gari na bakin kwalta, mai maigari da ya san hanyar ofis, mai ɗa a Yamai da zai buga salula. In ka gwada wannan gari da wani na cikin daji wanda ba a je ba, dole ka ga bambanci, amma bambancin ya riga furojen zuwa. Haka in ka kira taro, masu zuwa su ne waɗanda dama abin ya dame su. Ka gan su gaba-gaba daga baya, ka ce taronka ne ya tashe su, alhali da idonsu biyu sunka zo.

Maganin da masu bincike sunka samo ba baƙo ba ne a wurinmu. Ƙuri'a ce. A rubuta sunayen garuruwa da yawa, a zuba a ƙwarya, a ja. Waɗanda sunka fito a yi masu aikin, sauran a bar su yadda suke don su zama ma'auni. Ƙuri'a ba ta san ɗan wane ba, ba ta san bakin kwalta ba. In garuruwan na da yawa, masu kasuwa da marasa ita, masu maigari mai himma da masu malalaci, duk za su watsu ɓangarorin biyu kusan daidai. Abin da ya rage ya raba su shi ne aikin da anka yi. Ku lura da sharaɗin, sai da yawa. Gari biyu ba gwaji ba ne, don rasuwar mutum guda ko lalacewar famfo guda na iya juya lissafin duka.

Kar ku ɗauka labarin ƙasashen Turawa nake kawo maku. An yi irin wanga gwaji nan jiharmu ta Tawa.

A shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008, an ɗauki makarantun firamare 1,000 a jihohin Tawa da Damagaram. Ta hanyar ƙuri'a, 500 sunka samu tallafin kuɗi kai tsaye a hannun kwamitin kula da makaranta, wanda kunka sani da COGES, sauran 500 ba su samu ba. Tunanin shi ne, in iyaye sunka riƙe kuɗi za su shiga sha'anin makaranta, su sa ido ga malamai, karatu ya gyaru. Wa zai yi gardama da wannan? Masu bincike biyu, Elizabeth Beasley da Elise Huillery, sunka bi sakamakon. Iyaye kam sun tashi tsaye, sun ƙara zuwa taro, sun ƙara ɗaukar nauyi. Kayan aiki sun ƙaru, yaran ƙananan azuzuwa sun ƙaru. Amma sakamakon jarrabawar yara bai ɗaga ba, kuma fashin malamai ƙaruwa ya yi a makarantun da sunka samu kuɗin. Bayanin da masu binciken sunka bayar shi ne iyaye na da niyya amma ba su da iko. Ba su ke ɗaukar malami aiki ba, ba su ke biyan shi ba, ba su ke canza mashi wuri ba. Uban da bai yi boko ba, yaya zai tsare mushe ya ce ina ka kwana jiya?

Ku tsaya kan wannan, don ya shafe mu. Mu ne masu cewa kullum a ba talakawa dama su sa ido. Gwajin nan bai ce maganar banza ba ce. Ya nuna cewa sa ido ba tare da iko ba bai isa ba, har yana iya ɓata tsakanin iyaye da malami. Da ba a bar makarantu 500 a matsayin ma'auni ba, da rahoton da za a rubuta shi ne an yi taruka, an sayi benci, iyaye sun ji daɗi. Duka gaskiya ne, kuma da an ɓoye babban abin.

Na biyu, shekarar 2010, bayan farin da ya jawo ƙarancin abinci. Ƙungiyar Concern Worldwide ta raba kuɗi ga gidaje a jihar Tawa, jika 22 kowane wata har wata biyar, kuma galibi mata anka ba. Jenny Aker da abokan aikinta sunka raba garuruwa 96 kashi uku da ƙuri'a. Kashi na farko an ba su kuɗin hannu da hannu. Na biyu an ba su salula, ana aiko kuɗin ta Zap, tsarin aika kuɗi na kamfanin Zain a lokacin. Na uku an ba su salula, amma kuɗin hannu da hannu. Me ya sa kashi na uku? Don a raba abu biyu: in an ga bambanci, mallakar salula ce ta kawo shi ko hanyar da kuɗin ya bi? Abin da anka gani, gidajen Zap sun fi cin abinci iri-iri da kashi 9 zuwa 16 cikin 100, yaransu kuma sun fi samun abinci a yini. Kuɗi ɗaya ne, hanya ce ta bambanta. Matan ba su ɓata yini wajen tafiya da bin layi ba, kuma kuɗin na shigowa ba tare da duk gari ya sani ba, abin da ya ƙara masu ta cewa a cikin gida. Wannan ma siyasa ce, ta wa ke yanke shawara kan dukiya.

Akwai darasi na daban cikin gwajin nan. Ba garin da anka hana kuɗi don a yi ma'auni da shi, saboda lokacin yunwa ne. Hanyoyin bayarwa anka gwada da juna.

Yanzu mu je ga zaɓe kansa. Maƙwabciyarmu Benin ce ta fara fito da suna a nan. Leonard Wantchekon ɗan ƙasar ne, ya yi gwagwarmayar ɗalibai, an ɗaure shi zamanin mulkin soja na Kérékou, ya tsere daga kurkuku, daga baya ya zama farfesa a Amurka. A zaɓen shugaban ƙasa na 2001 ya shawo kan jam'iyyun ƴan takara na gaske sunka yarda a gwada saƙo iri biyu. A wasu garuruwa ana cewa ku zaɓe ni in kawo ma yankinku aiki da hanya. A wasu ana maganar abin da za a yi ma ƙasa baki ɗaya, ilimi da lafiya da haɗin kai. Sakamakon bai yi ma masu son gyara daɗi ba, alƙawarin "naku ne" ya fi kawo ƙuri'a. Sai dai mata sun fi maza karɓar maganar ƙasa baki ɗaya. Bai tsaya nan ba. A zaɓen 2006, shi da Thomas Fujiwara sunka gwada wani abu: maimakon gangamin kiɗa da rabon kuɗi, a yi zaman gari inda ake tattauna manufa, jama'a na tambaya. Fitowar masu zaɓe ba ta ragu ba, kuma a inda ɗan takara ya saba cinye gari duka, rinjayen nasa ya ragu. Kenan mutanenmu ba an halicce su don sayar da ƙuri'a ba ne, yadda anka zo masu na da tasiri.

A Najeriya, kafin zaɓen Afrilun 2007, ƙungiyar ActionAid ta yi kamfen na ƙin tashin hankalin zaɓe a jihohi shida: Kaduna, Filato, Legas, Oyo, Delta da Ribas. Wurare 24 anka ɗauka, 12 an yi masu tarukan gari da wasan kwaikwayo da rabon takardu, 12 an bar su. Paul Collier da Pedro Vicente sunka auna. Inda anka yi kamfen, tsoro da barazana sun ragu, masu fita zaɓe sun ƙaru. Abin da nake so ku ɗauka nan wata dabara ce. Ba su dogara ga tambayar baki kaɗai ba, don mutum na iya faɗa maka abin da kake son ji. Sun ba mutane kati, wanda ya damu da matsalar ya aika da shi ta gidan waya, sannan sunka ƙirga katunan da sunka iso. Aiki sunka auna tare da magana.

Ga wanda ya kamata ya hana mu barci. A Mali, Jessica Gottlieb ta gwada darussan sanin haƙƙin ɗan ƙasa a ƙananan hukumomi 95 na karkara, irin wayar da kan da muke yi. Maza da mata duk sun halarta, duk sun ƙaru da sani. Amma da anka auna shiga harkokin gari bayan nan, na maza ya ƙaru, na mata ya ragu. Darasin ya ɗaga maganar siyasa a gari, ita kuwa ana kallonta a matsayin fagen maza, sai wasu matan sunka ja baya da kansu, wasu anka ja masu kunne. An wallafa wannan a 2016. Malaman darasin ba mugunta sunka nufa ba. Da hotunan taron kaɗai anka duba, da an ga mata cike da tabarmi an ce an ci nasara.

Sannan akwai maganar da muke yawan yi, cewa da talaka ya san abin da shugabanni ke aikatawa da ya kore su da ƙuri'a. Gungun masu bincike sun haɗu sun gwada wannan da tsari guda a Benin, Burkina Faso, Uganda, Brazil da Meziko. An ba masu zaɓe bayani kan aikin wakilansu kafin zaɓe. Da anka haɗa sakamakon a 2019, a dunƙule bayanin bai canza yadda mutane ke jefa ƙuri'a ba. Sani kaɗai bai isa ba. Mutum na iya sanin wakilinshi bai yi komi ba ya sake zaɓen shi, don dangi ne, ko don bai ga wanda ya fi shi ba, ko don ya ɗauka shi kaɗai ya ji labarin.

Na san wani zai ce, tun 26 ga Yulin 2023 ba a yi zaɓe a ƙasar nan ba, me ya kawo wannan magana? Siyasa ba ta ƙare ga akwati ba. Wa ke riƙe kuɗin famfo? Harajin da ake karɓa ranar kasuwa ina yake zuwa? Wa ke rubuta sunaye in an kawo taki ko hatsi mai rahusa? Mata na magana a taron COGES ko shara da ɗebo ruwa kaɗai ake kiran su? Duk waɗannan tambayoyin iko ne, kuma duk suna gwaduwa yau.

Amma gwaji na da iyaka, kuma dole in faɗe ta. Akwai abin da ba ya buƙatar shi. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ba sai an ja ƙuri'a ba kafin a san bauta zalunci ce, ko yaro na da haƙƙin karatu. Gwaji na gaya maka abin da wata hanya ke haifarwa, ba ya gaya maka abin da ya dace ka so. Akwai kuma manyan tambayoyi da ba sa shiga ƙwarya, ba mai raba ƙasashe da ƙuri'a ya ce waɗannan mulkin soja, waɗancan na farar hula. Kuma abin da ya yi aiki a Benin a 2006 ba dole ya yi a Illela bana ba. Wantchekon kansa sai da ya sake gwaji da wata hanya kafin hoton ya cika.

Mutane kuma ba fangalan albasa ba ne. A 2014, a jihar Montana ta Amurka, malaman jami'o'in Stanford da Dartmouth sun aika ma masu zaɓe takardu wajen 100,000 kan zaɓen alƙalai, ɗauke da tambarin jihar kamar daga hukuma sunka fito. Jama'a sun fusata, shugabannin jami'o'in biyu sunka nemi gafara. In wannan ya faru inda mutane ke da lauyoyi da jaridu, ku yi tunanin ƙauyen da baƙo zai zo da mota da takarda ya yi abin da ya ga dama. Duk mai son gwaji a garuruwanmu, ya faɗi abin da yake yi, ya nemi yarda, kar ya hana mabuƙaci abin da rayuwarshi ta rataya kai, kuma ya dawo ya gaya ma mutanen abin da ya gano da harshen da suke ji. Iyayenmu da anka yi ma tambayoyi a 2008 da 2010 sun fi kowa cancantar jin sakamakon.

To mu me za mu yi? Ga shawara, kuma ba ta buƙatar kuɗin Turawa. A ce muna son mata su riƙa zuwa taron da ake karanta lissafin kuɗin makaranta, su kuma yi magana. Mu ɗauki ƙauyuka 40 tsakanin Tajaye, Konni, Malbaza da Illela, waɗanda ba su manne da juna ba, don labari na tafiya ranar kasuwa, in ya tsallaka ma'aunin ya lalace. Mu ja ƙuri'a a bainar jama'a, gaban masu gari, yaro ƙarami ya sa hannu a ƙwarya. A 20, mai shela ya sanar kamar yadda anka saba. A 20, ƴan uwanmu mata su bi gida-gida su gayyaci mata baki da baki, su kuma gaida maigida su gaya mashi. Akwai dalilin zaɓen wannan hanya: a birnin New Haven na Amurka a 1998, Alan Gerber da Donald Green sun gano ƙwanƙwasa ƙofa na fiddo mutane zaɓe, kiran waya kuwa bai yi komi ba. Ko haka abin yake nan Adar, gwajin ne zai faɗa.

Kafin mu fara, mu rubuta abin da za mu ƙirga, mu sa shi a shafinmu kowa ya gani: mata nawa sunka zo, nawa sunka yi tambaya, kuma wata uku bayan nan nawa sunka dawo. Dalilin rubutawa tun farko shi ne kar daga baya mu tsinci abin da ya yi mana daɗi mu ce dama shi muke nema. Masu ƙirga kar su zama su ne masu gayyata. Mu kuma saurari ko wata ta sha faɗa a gida saboda zuwanta, don abin da ya faru a Mali. Ƙauyuka 40 ba su da yawa, babban bambanci kaɗai za su iya nunawa, sai mu faɗi hakan yadda yake. In hanyar ta yi aiki, sauran 20 su samu a zagaye na gaba. In ba ta yi ba, mu wallafa da girman rubutu ɗaya da wanda da mun yi shelar nasara da shi.

Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya. Muna neman hukuma ta buɗe littafinta, ta amsa in aikinta bai yi ba. Ƙungiyar da ke neman haka ya kamata ta iya cewa mun gwada kaza, bai yi ba, mun bar shi. Lokacinmu kaɗan ne, kuɗin mai ma karo-karo muke yi, bai kamata mu shekara biyar kan hanyar da ba ta kai ko'ina ba.

Daga yau, duk wanda ya tsaya gabanku ya ce aikinshi ya kawo canji, ko mai mulki ne, ko mai furoje, ko ni da ke magana, ku yi mashi tambaya cikin ladabi: da wa anka gwada, kuma wa ya zaɓi waɗanda sunka samu? In yana da amsa ku saurare shi da kyau. In ya ce ai kowa ya gani, ku ce a kawo ƙwarya.

Masu tambaya, ga fili. Allah ya maida kowa gida lafiya.